Saƙon da Ya Kwana a Hanya

Ƙarfe biyun dare a Ikeja.
Ni da allo, da shayin da ya huce,
da fankar da ke tari a saman kaina.
Can Ajegunle, bayan gadoji da kwatami,
akwai injin zuƙe ruwa, ƙato mai tsatsa a wuya.
Sau ɗaya tak na taɓa shafa jikinsa,
amma ni ke ce masa tashi, ni ke ce masa kwanta.

Hadari ya taso daga teku tun magariba.
Allo ya ce ruwa ya kai gwiwa.
Allo ba ya ƙarya, makara yake yi:
gwiwar da yake faɗa ta ɗazu ce,
ta minti huɗu da suka wuce,
a Legas kuwa minti huɗu sun ishi ruwa
ya bar gwiwa ya nemi ƙugu,
ya tura ƙofar mai tuyar ƙosai ya ɗaga mata katifa.

Na danna: tashi.
Saƙo ya fita kamar yaron da aka aika cikin ruwan sama,
ya bar ni da zoben nan mai juyawa,
juyawa,
juyawa.
Ya isa? Bai isa ba?
Ko ya isa, amsar ce ta zame ta faɗa kwata?
An ce shiru ma magana ce,
to amma wace magana?

Ba ɓatan saƙo ne ya fi ba ni tsoro ba.
Da sha biyu na ce masa kwanta, don man dizal ya yi ƙasa,
ban ga amsa ba.
Wannan kwanta ɗin yana nan da ransa a wani lungu,
yana iya isowa bayan tashi,
ya kashe injin ruwa na tsakar gida.

Na san irin wannan tun ina 'yar shekara tara.
Babanmu na dakon albasa a Mayil Sha Biyu,
ya ba direba wasiƙa zuwa Malumfashi: a sayar da gonar fadama.
Bayan mako ya ba wani: kar a sayar, na sami mafita.
Motar farko ta lalace a Jebba, ta yi kwana goma sha ɗaya.
Kawu Barau ya karanta ta biyun da fari,
ya karanta ta farin daga baya,
ya bi wadda ya ɗauka ita ce sabuwa.
Har Baba ya rasu bai ƙara cin rake ba.

Shi ya sa kowane saƙona nake ɗaura masa lamba a goshi,
da sa'ar da aka haife shi.
Na koya wa injin ya ƙi tsohon zance.
Na kuma ce masa: in ka ƙirga casa'in ba ka ji ni ba,
kar ka jira Rakiya,
dubi ruwan da ke ƙafarka ka yi abin da ya kamata.
Da wuya na rubuta wannan layin.
Wa ke son koya wa na ƙasa da shi yadda zai rayu ba shi?

Duk da haka na kira Baba Sikiru mai gadi.
Kira na shida ya shiga.
Muryarsa guntu-guntu, kamar an yayyaga takarda.
Na ce, Baba, kar ka yi magana, kanga wayar a jikin ƙarfen.
Daƙiƙa uku na ji shi,
gurnani mai kauri, yana haɗiyar ruwan unguwa,
sai layi ya yanke.

Maganata ya bi, ko tasa?
Ban sani ba.

Da asuba, ana kiran salla a masallacin bayan ofis,
amsoshi suka iso gaba ɗaya, goma sha bakwai,
kamar 'yan biki bayan an wanke tukwane.
Na ji. Na ji. Na ji.
Ta tsakiyarsu akwai guda da ta ce:
saƙon sha biyu ya zo ƙarfe biyu da kwata, na mayar da shi.

Na zubar da shayin, na dora wani.